Mutumin da Babu Shi a Tabotaki

Ranar Litinin da hantsi Lai'atu tana ƙulla irin albasa cikin ƴan ledoji a butik ɗinta na bakin kasuwar Madawa, sai tsohuwar wayar da ke cikin aljihun tebur ta yi ƙara.

Wayar ta mahaifinta ce, marigayi, kuma ba mai kiran ta. Aiki ɗaya take yi. Duk ranar da Lai'atu ta aika wa manoma saƙo, sai ta jawo aljihun ta duba ko ya shigo nan ma, don ta san rezo, wato sabis ɗin waya, bai haɗiye shi a hanya ba. To ranar nan ba ta aika wa kowa komai ba.

Ta goge hannu a zane ta ɗauko. Saƙon ya ce: “Malam Maiguwa Harisu na Tabotaki, irin albasa ya iso, irin wanda ka saba. Ka zo sabon butik na hanyar Buza, ko a kai maka ranar kasuwa.” A ƙasa ga nimeron wayar Nehemiya, tsohon ma'aikacinta.

Ta karanta sau uku a tsaye. Babu wani Maiguwa Harisu a Tabotaki. Ita ta ƙirƙiro shi shekara tara da suka wuce, lokacin da ta fara rubuta sunayen manoma a kaye, wato littafin rubutu. Ta ba shi nimeron mahaifinta, ta ba shi garka mai rijiya biyu, ta sa shi a tsakiyar mutane na gaske. Ko mijinta bai san da shi ba.

Masu sayar da iri suna da yawa a Madawa. Abin da ya raba ta da su kayenta ne. Kasuwa-kasuwa ta bi, Urno, Sabon Gida, Tabotaki, har ƙauyukan Keita da mota ba ta shiga sai a kan moto, wato babur. Duk wanda ya sayi iri sai ta tambaye shi suna da gari da nimero, da girman garkarsa, da lokacin da yake zuba iri, da ko yana karatu ko sai an kira shi an gaya masa da baki. Wasu sai a zuwa na uku suka yarda suka ba ta. Kaye shida ta cika, mutum ya kusa dubu biyu. Idan iri ya iso su ne farkon ji. Idan tsutsa ta ɓulla a fadamar wani gari, takan gargaɗi na kusa da su tun ba ta yaɗu ba. Shi ya sa ko an yi araha a wani wuri sukan jira ta.

Nehemiya kuwa ɗan ƙanen mahaifin mijinta ne, magidanci mai mata da ƴaƴa biyu. Shekara uku ya yi aiki tare da ita. Shi ya juye kayen nan shida cikin ordinatar, wato kwamfutar butik, shi ya koya mata yadda saƙo ɗaya zai tafi wa kowa da sunansa. Da aka cire albasar bana ya ce zai buɗe nasa wurin. Ta yi masa fatan alheri, har ta ba shi tsohon sikelinta.

Ta mayar da wayar aljihun tebur ta rufe, ta sake buɗewa. Ta zauna, ta miƙe. Wata mata ta shigo neman irin salati ta ba ta na kabeji, sai da matar ta dawo da shi daga bakin ƙofa. Kafin azahar Lai'atu ta ja ƙofar butik, ta shiga motar da ke wucewa ta asibitin mishan, inda mijinta Yunana ke aikin gyaran wuta.

Ta same shi a bayan ɗakin inji, hannunsa duk baƙin mai.

“Lahiya, Maman Dorkas? Wani ya kwanta?”

“Kowa lahiya lau. Ƙanenka ya kwashi sunayena.”

Ta miƙa masa wayar, ta ba shi labarin Maiguwa. Ya fara dariyar rijiya biyun, ya dubi fuskarta, ya daina.

“Bari in yi mashi magana,” in ji shi. “Ɗan'uwa ne, ba baƙo ba.”

“Yaushe?”

“Ranar Lahadi, bayan sujada a majami'a.”

“Kwana shida ke nan. Cikin kwana shida rabin manoman ƙasar Adar sun zuba iri.”

Ya ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Ba ta zauna ba. Ta roƙe shi kada ya ambaci Maiguwa ga kowa, ta koma bakin hanya ta tsaya jiran mota.

La'asar ta yi mata a butik ɗin Nehemiya. Sabon fenti shuɗi, buhunan takin zamani jibge har kusa da rufi, sikelinta a kan tebur. Ya tashi da sauri ya jawo mata kujera.

“Yaya, sannu da zuwa. Yau ke ce da kanki?”

“Nehemiya, ina ka samu nimerorin da kake aika ma saƙo?”

“Mutanen da na sani ne, Yaya. Shekara uku ina yawon kasuwa tare da ke.”

“Dubu biyu ka sani?”

“Wa ya ce dubu biyu?” Ya gyara wani buhu da ba ya bukatar gyara. “Kuma ko da hakan ne, mutane ne, ba awaki ba. Ba ki yi masu shaida a kunne ba. Wanda ya so shi saye gare ki, wanda ya so shi saye gare ni. Wata huɗu na yi ina buga sunayen nan har idona ya yi ja, kin manta?”

“Ban manta ba. Aikin da na ɗauke ka ka yi ke nan.”

Sunan Maiguwa ya zo mata har bakin harshe. Ta so ƙwarai ta ga yadda fuskarsa za ta yi. Ta haɗiye, ba don ta yi wata dabara ba, sai don matarsa ta leƙo da yaro a goye ta gaishe ta. Ta amsa gaisuwar ta fita.

Washegari ta tafi wurin jandarma. Wanda ta tarar a tebur ya buɗe babban littafinsa ya cire marfin biro.

“Mi anka sace, Madam?”

“Sunaye.”

“An ɗauke kayen?”

“Suna nan.”

“Ordinatar fa?”

“Tana nan.”

Ya mayar da marfin biro. Ba dariya ya yi mata ba. Ya ce a gaskiya bai taɓa rubuta satar da kayan ke hannun mai su ba, amma ba zai ce ba a cuce ta ba, gara ta je jastis, wato kotu, ta tambaya. A jastis wata ma'aikaciya ta saurare ta a tsaye a kan baranda, ta kwatanta mata biron Metir Sha'aibu, wato ofishinsa. Shi wisiye ne, wato wanda ke zuwa ya ga abu da idonsa ya rubuta, kotu ta karɓi rubutun a matsayin shaida.

Gajeren mutum ne mai farin gemu, ɗakinsa cike da takardu a ƙulle da igiyar leda. Ya bar ta ta yi magana har ta gama, sannan ya ce ta ba shi wayar.

“Madam, in gaya maki tun yanzu, sunan mutum da nimeronshi ba naki ba ne. Wanga gaskiya ne, kuma shi zai fara faɗi gaban alƙali.”

“Shekara tara na yi...”

“Ki bari in kai. Tarin da kinka yi, da abin da kinka rubuta gaban kowane suna, wannan sirrin sana'arki ne. Wanda anka ba amanarshi yana cikin aiki, in ya kwashe ya tahi ya buɗe kasuwa da shi, ana iya kai shi ƙara. Sannan dubi nan, ‘irin wanda ka saba’. Manomi in ya ji haka, wa zai zata?”

“Ni.”

“To wannan ma lauya zai so shi.”

“Alƙali mi zai yi mashi? Ni ba ɗauri nike so ba.”

“In ya gamsu, yana iya hana shi aiki da su, shi sa a goge gabana, shi sa a biya ki diyya. In ya gamsu. Abin da ke kashe irin wagga ƙara rashin shaida ne, kowa cewa yake a kasuwa na san su.” Ya ɗaga tsohuwar wayar ya jujjuya ta. “Ke kuwa kin zo da mutumin da ba a iya gamuwa da shi a kasuwa. Wa ya koya maki wanga?”

“Ba kowa. Rezo nike gwadawa.”

Ranar ya bi ta har butik. Ya ɗauki hoton saƙon, ya ɗauki hoton shafin kaye na farko inda sunan Maiguwa yake da tawadar da ta koɗe, tsakanin wani mai tumatir da wani mai albasa. Ya buɗe ordinatar ya ga sunan a can ma. Ya rubuta komai da rana da sa'a. Ya ce kada ta goge komai, kada wayar ta mutu, kada ta gaya wa kowa, kuma ta nemi lauya a Tawa.

Kwanakin da suka biyo baya Lai'atu ba ta san zama ba. Ta je Tawa ta dawo rana ɗaya. Ta aika nata saƙon ga manoma, waɗanda suka amsa ba su kai na bara ba. Tana auna iri tana kallon aljihun tebur. Sau biyu wayar ta sake ƙara da saƙon Nehemiya, sau biyu ta ɗauke ta a guje zuwa biron Metir Sha'aibu, har ya ce mata ba sai ta yi gudu ba, saƙo ba ya ƙafewa. A gida takan ɗora tukunya ta fita tsakar gida ta yi ta zagaye, sai ƙauri ya kira ta.

Ana haka, wata Alhamis, sai ga Ɗanasabe. Tsoho ne daga Tabotaki, yana cikin mutum goman farko da suka ba ta nimero. Bai zauna ba shi ma. Ya zaro wata leda fanko daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

“Madam, rabi bai tsiro ba. Kwana goma sha biyu ina ban ruwa.”

Ta ɗauki ledar. Ba ƙullinta ba ne.

“Baba, wanga ba irina ba ne. Wa ya ba ka?”

“Yaronki Nehemiya, ranar kasuwa, kamar kullum. Jikata ta karanta mani saƙo, an ce wanda na saba.”

Ta gaya masa Nehemiya ya bar wurinta tun bazara. Tsohon ya kalli ledar. Sannan ya ce akwai wani abu kuma. Kwanan nan baƙin nimerori suna kiran sa. Wani na tallan taki, wani ya ce wai ya ci kyautar injin ban ruwa, ya aika da kuɗin mota a kawo masa.

“Kuma sun san sunana, sun san garkata na gabas da gari. Wa ya gaya masu?”

Lai'atu ta ajiye ledar. Ita ta rubuta “gabas da gari” da hannunta.

“Baba, sunayena anka kwasa. Na kai ƙara, in Allah ya yarda za a maido mani haƙƙina.”

“Sunayenki?”

“Wato waɗanda na tara.”

“Ni dai na ba ki nimerona don kin zauna kan tabarmata kin sha hura. Ban san na zama kayan butik ba, har a sace ni, har a kai ni jastis.”

Ta auna masa sabon iri, ya karɓa ya sa a aljihu, ya ce mako biyu sun riga sun tafi, ba mai maido su. Da ya fita ta bi shi har bakin hanya, ta tsaya tana kallon sa har ya shiga mota.

Takardar sammaci ta isa hannun Nehemiya ranar Juma'a. Ranar Lahadi bayan sujada, Baba Yosefu, dattijon ikilisiya, ya ce su tsaya. Aka jawo benci biyu ƙarƙashin itacen bedi. Shi da wasu dattawa biyu a ɗaya, Lai'atu da Yunana a ɗaya, Nehemiya a kan kujera shi kaɗai.

Baba Yosefu ya yi magana a hankali. Ya ce su ƴan ikilisiya kaɗan ne a garin nan, kowa ya san kowa, in aka ga ɗan'uwa ya ja ɗan'uwa gaban alƙali, da wane baki za su yi wa wani nasiha gobe. Ya ce ba ya cewa ba a yi mata laifi ba, cewa yake a gyara a gida.

“Na yarda, Baba,” in ji Lai'atu. “Abu guda nike so. Shi faɗi gabanku cewa ya kwasa, shi goge, shi gaya mani wa ya ba. Gobe in janye.”

Duka suka juya wajen Nehemiya.

“Ban da abin gogewa, Baba. Mutanen da na sani nike kira. In Yaya na jin tsoron kasuwa, ta faɗi.”

Baba Yosefu ya dubi Yunana, don ya san shi mai son zaman lafiya ne. Yunana ya murza hularsa a gwiwa.

“Baba, na ga abin da idona,” in ji shi. “Ba zan faɗi mi na gani ba. Amma ku bar ta ta tahi.”

Nehemiya ya tashi ya kaɗe wando ya wuce. Su ma suka kama hanyar gida. Da yamma mahaifin Nehemiya ya kira Yunana a waya, ya fita ƙofar gida ya amsa, ya dawo idonsa ja, ya ce abincin ya ishe shi.

Lauyar da ta samo a Tawa, wata mata mai suna Mardiyya, ta nemi a saurari ƙarar da gaggawa tunda lokacin zuba iri yana wucewa. Duk da haka sai da aka yi mako uku. Ranar zaman ɗakin ya cika rabi, yawanci masu jiran tasu shari'ar. Matar Nehemiya tana benci na baya. Lai'atu ta zo tun ba a buɗe ƙofa ba, ta zagaya harabar ba ta san sau nawa ba.

Nehemiya ya faɗi abin da Metir Sha'aibu ya ce zai faɗa. Suna ba na kowa ba ne, kasuwa ta kowa ce, mutanen nan ya san su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi magana da kyau, har Lai'atu ta ga alƙali yana gyaɗa kai.

Mardiyya ta tashi da takarda ɗaya a hannu. Ta ce za ta karanta sunaye, ya gaya wa kotu ko ya san su.

“Ɗanasabe na Tabotaki.”

“Na san shi. Tsoho ne, garkarshi na gabas da gari.”

“Saude ta Sabon Gida.”

“Mai tattasai. Mijinta ya rasu bara waccan.”

Ta karanta shida, duk ya san su, kuma gaskiya ya faɗa. Muryarsa ta saki, har ya fara ƙara bayanin da ba a tambaye shi ba.

“Maiguwa Harisu na Tabotaki.”

Ya ɗan tsaya.

“Na san shi. Yana da rijiya biyu.”

“Kun taɓa gaisawa?”

“A kasuwar Tabotaki, bara. Dogo ne.”

“Shi ya ba ka nimeronshi?”

“Shi ya ba ni.”

Mardiyya ta roƙi alƙali ya sa Nehemiya ya kira Maiguwa da wayarsa, a ji ta bakinsa. Alƙali ya yarda. Nehemiya ya nemo sunan ya danna. Sai ƙara ta tashi daga cikin wata ambulan a kan teburin magatakarda, wadda Metir Sha'aibu ya liƙe ya buga wa hatimi.

Wani a baya ya yi dariya, aka tsawata masa. Lai'atu ta daɗe tana jiran wannan lokacin, amma da ya zo ba ta ji daɗin da ta zata ba. Ƙarar wayar ita ce wadda mahaifinta ya zaɓa, ba ta taɓa canza ta ba, kuma wannan ne karon farko da aka kira layin tun rasuwarsa. Ta juya ta ga matar Nehemiya ta ja gyale ta rufe fuska.

Aka buɗe ambulan, aka karanta rubutun wisiye, aka nuna shafin kaye. Alƙali ya tambayi Nehemiya ko yana da abin cewa game da dogon mutumin da ya gaisa da shi bara. Ya sunkuyar da kai. Daga nan bai ƙara musu ba. Ya ce mako guda kafin ya bar aiki ya juye komai a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar. Ya ce bai ɗauke shi sata ba, gani ya yi guminsa na ciki. Da alƙali ya tambayi ko ya ba wani, ya ce ya ba wani ɗan kasuwa mai taki, shi ne ya cika masa butik da kaya. Inda sunayen suka bi daga can, bai sani ba.

Alƙali ya hana shi aika saƙo ko kiran kowa daga cikin jerin. Ya ce ya miƙa kile ɗin, a goge duk abin da ke wayarsa da ordinatar ɗinsa a gaban wisiye. Ya ce a sanar da manoma cewa ba ya tare da Lai'atu kuma irinsa ba nata ba ne. Maganar diyya aka ce sai wani zama.

Gogewar ba ta ɗauki minti biyu ba. A butik ɗin shuɗin fenti aka yi ta, Nehemiya yana dannawa, Metir Sha'aibu yana kallo yana rubutu, Lai'atu a bakin ƙofa. Da suka fito ta tare shi kafin ya hau moto.

“Metir, na wurin mai takin fa?”

“Za mu rubuta mashi, in mun sami inda yake zaune. In ya ƙi, a kai shi shi ma.”

“Wanda shi ya ba fa? Masu cewa an ci kyauta?”

Ya ɗaura jakarsa a bayan moto, ya ja igiyar sau biyu.

“Madam, takarda tana hana wanda ta san sunanshi. Waɗancan ba mu san su ba. Ki gaya ma mutanenki kada su aika ma kowa komi, wannan kina iyawa yau.”

Ta koma butik ta aika saƙon gargaɗi, ta kira waɗanda ba sa karatu ɗaya-ɗaya har muryarta ta dushe. Mardiyya ta kira ta sau biyu a kan zaman diyya, ta ce a bari sai an gama dashe. Ta kuma ba ta shawara duk wanda za ta ɗauka aiki nan gaba ya sa hannu a takarda cewa ba zai fita da komai ba. Lai'atu ta ce to, amma ba ta ɗauki kowa ba.

A majami'a Nehemiya ya koma benci na can gefe. Mahaifinsa ya daina amsa gaisuwar Yunana da suna, sai dai ya ce “lahiya” ya wuce. Mai takin da aka rubuta wa ya aiko da amsa cewa ya goge, ba wanda ya gani.

Maganar Ɗanasabe ce ta hana ta sakat. Da aka fara dashe ta ɗauki kayenta shida a jaka ta koma yawon kasuwa kamar shekarar farko, sai dai tambayar ta canza. Duk wanda ta samu sai ta gaya masa abin da ya faru ba ragi, ta nuna masa abin da ta rubuta a kansa, ta tambaye shi ko ya yarda ya zauna ko ta soke shi. A Urno yawancinsu suka ce ta bari, wani ma ya ce ta gyara, garkarsa ta ƙaru. A Sabon Gida Saude ta ce a bar nimeron amma a soke maganar mijinta, ba ta ga abin da ya kawo shi cikin irin tattasai ba. Lai'atu ta soke a gabanta. Wasu suka ce a cire su gaba ɗaya. Wani a wajen Keita ya zage ta, don ƙanensa ya aika wa masu kyautar injin kuɗi kafin gargaɗinta ya iso. Ta tsaya ta saurara har ya gama.

Tabotaki ta bari kusan ƙarshe. Ta sami Ɗanasabe a garka, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana buɗe wa ruwa hanya da hauya. Albasarsa ta fi ta maƙwabta ƙanƙanta, amma ta tsaya kore shar.

Ta gaishe shi, ta buɗe kaye na farko ta karanta masa layinsa.

“Na canza layi,” in ji shi. “Wancan na jefa shi rijiya.”

“To ko za ka ba ni sabon, Baba?”

Ya toshe wani fangali da ƙafa, ya buɗe na gaba.

“A'a. Na san hanyar butik ɗinki. In damina ta ɗauke zan zo da kaina, ki aje mani kamar na bana.”

Ta ciro biro ta ja layi a kan sunansa, ta juya kayen ta nuna masa. Ya duba duk da ba ya karatu, ya gyaɗa kai. Ya ce ta jira a kawo mata hura. Ta ce a yi mata haƙuri, motar Buza na cika a bakin kasuwa, kuma akwai ƙauye biyu da take so ta kai kafin la'asar. Ya ce to ta bi ta kan kunya kada ta taka masa dashe. Ta tattare zane ta bi ta kan kunyar da sauri, jakar kaye tana bugun ta a kwiɓi.